Zia Liboria, Mai Wankan Mayaƙan Calamura

Kafin ƙararrawar coci ta kira masu ibadar safe, Zia Liboria, wato Gwaggo Liboria a yarenmu, ta riga ta sauko daga unguwar sama, ƙunshin burodi da zaitun a hannu ɗaya, makulli a ɗayan. Takan ratsa dandali, ta wuce shagon gahawa, ta bi hanyar da ta gangara kogi. A ƙarshen hanyar akwai tsohon gidan matse man zaitun, wanda yanzu ya zama sito. Idan ta buɗe ƙofar ba ta shiga kai tsaye. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Barkanku da kwana, samari." Sannan ta shiga ta ɗora ruwa a wuta.

Samarin da take gaisarwa sun haura shekara dubu biyu da mutuwa. Suna kwance cikin kwalaye, jere a kan kantoci tun daga ƙasa har rufi. Mayaƙa ne da suka faɗi a ranar da rundunar Kartaj ta ƙetaro teku daga Afirka ta far wa birnin Girkawa da ke kan tudun bayan garinmu, wanda yau ginshiƙansa kawai suka rage. A makaranta an haddatar da mu sunayen sarakuna da jagororin yaƙin. Na cikin kwalayen nan kuwa, babu wanda ya san sunan ko ɗayansu. Masana sukan zo daga birni su auna su, su ɗauki hoto, su koma. Wadda take wanke su, ta shanya su a inuwa, ta haɗa kowane yatsa da hannunsa, ita ce Liboria. Fiye da shekara arba'in ke nan tana wannan aiki, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye, don yatsunta sun kanannaɗe, ba sa iya riƙe burushi. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na sani game da ita tun tana jin mu.

Mu mutanen Calamura ba dare muke tsoro ba, tsakar rana muke tsoro. Idan rana ta take a watan Agusta, kowa ya rufe tagoginsa, gari ya yi tsit, har ƙarar ƙwarin da ke kan zaitun takan ɗauke lokaci guda kamar an toshe musu baki. A irin wannan lokaci ba a bi ta Gonar Dawakai, filin da ke tsakanin tudu da kogi. Tun kakanninmu garma take tono ƙashi a wurin. Kare ba ya ratsa shi, sai ya zagaya ta bakin kogi. Manoma da yawa sun ce sun ji sukuwar dawakai a can da rana tsaka, su ɗaga kai ba su ga ko ƙura ba. A wannan filin aka haƙo samarin Liboria, kuma a wannan lokacin ne take zama ita kaɗai a sito ta ci burodinta a tsakaninsu. Na taɓa tambayarta ko tana jin wani abu.

"Kwali yana motsi idan ya ji zafi," in ji ta.

"Shi ke nan, Zia?"

"Shi ne abin da nake gaya wa mai tambaya."

Tsofaffin shagon gahawa ba su taɓa barin ta ta wuce lafiya ba. Wani zai ce, "Liboria, yaya mazajen naki? An tashi lafiya?" Ba ta ko rage tafiya. "Suna gaishe ka. Sun ce akwai wuri jikin bango, duk ranar da ka shirya." Sai sauran su kwashe da dariya, shi kuma ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa a ɓoye.

Waɗanda suka yi aiki da ita suna da labaranta da yawa. An taɓa haƙo wasu biyu kwance kusa da juna, hannun ɗaya a kan haƙarƙarin ɗayan. Ƙa'ida ita ce kowane mutum da kwalinsa. Ta je ta roƙi Farfesa, matar da ke jagorantar haƙar, aka yi musu babban akwati ɗaya. Ta ce ita ba ta san ko 'yan'uwa ba ne, ko kuwa masu binnewa ne suka jefa su haka, amma ba da hannunta za a raba su ba. Wata rana kuma aka ji tana faɗa ita kaɗai. Ashe wani ɗan dunƙulen dalma ta ciro daga ƙoƙon kan wani saurayi, irin wanda ake harbawa da majajjawa, da rubutun Girkanci a jikinsa. Farfesa ta karanta mata, kalma ɗaya ce: "Karɓi." Wanda ya zuba dalmar da zolaya ya yi. Liboria ta yi ta masa faɗa har yamma kamar yana tsaye a gabanta. "Ɗan mutane ka kashe, kana dariya. Haƙoransa na ƙarshe ma ba su gama fitowa ba."

Akwai wani kofin shan giya da aka binne da wani mayaƙi, baƙi mai zanen ja. Gutsattsari aka kawo mata shi cikin ƙasa, ta yi damina guda tana haɗa shi. Zanen wani namiji ne da kwalkwali da garkuwa, mace tana miƙa masa kwano yana shirin tafiya. Komai ya haɗu, har lanƙwasar mayafin matar, sai fuskar namijin kawai aka rasa. An tace ƙasar kabarin sau da yawa ba a samu ba. Yana nan a gidan tarihin birni a cikin gilashi, matar tana kallon rami. Liboria ba ta taɓa zuwa ganinsa ba. Ta ce ta gan shi ya isa.

Duk wannan ya isa a yi mata jinjina. Amma ni ba don shi na ɗauki alƙalami ba.

Sunana Vita, 'yar Gaspare. Ina 'yar shekara shida mahaifina ya fita da safe zuwa gonar lemonsa, bai dawo ba. A lokacin shi ne ya tara masu ƙananan gonaki suka ƙi yarda da yadda manyan masu ƙasa suke raba ruwan kogi. Kafin mako ya zagayo, magana ta bazu cewa an gan shi a tashar jirgin ƙasa da wata mata, ya gudu Jamus. Babu wanda ya san bakin da ya fara faɗa, amma kowa ya ɗauka, don ta fi sauƙin ɗauka. Mahaifiyata, Donna Epifania, ta zama matar da miji ya gudu ya bari. Ba ta da damar sa baƙaƙen kaya kamar kowace mai takaba, ba a yi mata ta'aziyya ba, a coci ana matsa mata wuri da irin tausayin da ya fi zagi ciwo. Ni kuma na girma ina ƙin mutumin da ban iya tuna fuskarsa sosai ba.

Shekara ashirin da wani abu bayan haka aka zo yin sabuwar hanyar mota ta Gonar Dawakai. Motar haƙa ta buɗe dogayen ramuka cike da mayaƙa, aka tsayar da aiki, aka kira masana. Abin da ya faru a ranar, Mastru Onofrio, shugaban leburorin haƙa, shi ya ba ni labari da bakinsa.

Rana ta kusa takewa, suna shirin tashi, Farfesa kuma ta tafi birni tun safe. Mayaƙan a jere suke a rami, kafaɗa da kafaɗa, kawunansu duk sashe ɗaya, an shimfiɗe su da girmamawa. Sai wani lebura ya share ƙasa ya ga wani a gicciye a kan ƙafafunsu, rub da ciki. Hannayensa a baya, da tsatsar waya a wuyan hannun. A ƙafarsa akwai tafin takalmi na tayar mota.

Ba sai an yi karatu ba kafin a san Girkawan zamanin da ba sa sa takalmin taya. Kowa ya gane dabarar: ina za a ɓoye gawa da ya wuce filin da ƙashi ba ya ba kowa mamaki?

Onofrio ya ce, "A mayar da ƙasa. Gobe da sassafe mu kwashe shi cikin kwali tare da sauran. Babu wanda ya ga komai."

Liboria tana bakin ramin da tirenta, ta zo karɓar abin wanki. Ta ajiye tiren ta sauka.

"Liboria, fito," in ji Onofrio. "Ina da 'ya'ya. Duk wanda ke nan yana da 'ya'ya."

"Shi ma ƙila yana da su, Mastru."

Ta durƙusa ta juyo ƙoƙon kan a hankali, ta sa babban yatsa ta goge ƙasar bakinsa. Haƙorin ƙarfe ya ƙyalla a rana. Onofrio ya ce a daidai lokacin ƙwarin kan zaitun suka yi shiru gaba ɗaya, har yana jin bugun jininsa a kunne. A layinmu Liboria ta girma. Ta san wanda in ya yi dariya wannan haƙori yake fara bayyana.

"Gaspare ne," ta ce.

"Ba ki sani ba."

"Kai ma ka sani. Tare kuke buga kati."

Onofrio ya zauna a bakin ramin ya rufe fuska da hularsa. Ya ce mata, "Waɗanda suka sa shi nan ba su ƙare ba. 'Ya'yansu suna nan, yaransu suna nan."

"Ban ce ka je ko'ina ba. Ka dai zauna da shi kada a taɓa shi kafin in dawo."

Ya zauna. Na rubuta wannan don a san shi ma ya zauna, a Gonar Dawakai, da rana tsaka.

Ita kuwa ta kamo hanyar gari a ƙafa, ƙasar ramin a gwiwoyinta. Titi babu kowa, tagogi a rufe, amma duk wanda ya san garinmu ya san a bayan kowace taga akwai ido. Ba ta bi ta lungu ba, ta tsakiyar dandali ta bi. Ina gidanmu a ranar, na kawo wa mahaifiyata ziyara, muna cin taliya. Muka ji an ƙwanƙwasa. A irin wannan lokaci ba a ƙwanƙwasa ƙofar alheri. Na buɗe na gan ta tsaye, inuwarta a ƙarƙashin ƙafarta.

"Vita, mahaifiyarki tana nan?"

Mahaifiyata ta fito da cokali a hannu. "Liboria, lafiya? Shigo daga ranar nan."

"Ba zan shigo da wannan ƙasar ba, Donna Epifania. Na zo in gaya miki Gaspare bai je Jamus ba."

Mahaifiyata ta miƙo mini cokalin kamar wani abu mai fashewa.

"Ina yake?"

"Gonar Dawakai."

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

Na zaci za ta faɗi, na matsa kusa. Ba ta faɗi ba. Ta tambayi abin da har yau ban san daga ina ya zo mata ba. "Shi kaɗai ne a wurin?"

"A'a," in ji Liboria. "Da mutane kewaye da shi, dama da hagu. Duk yaran kirki ne."

Sai a nan mahaifiyata ta yi kuka, kukan da ta riƙe tun ina yarinya. Liboria ta jira har ta lafa, sannan ta juya ta nufi ofishin 'yan sanda, ta faɗi sunanta da na mahaifinta da abin da ta gani.

Zia Liboria, ke ce kika ratsa dandalin nan ke kaɗai. Maza nawa ne a garin nan suka san Gaspare ba mai gudu ba ne? Duk sun sani, duk sun yi shiru, sai ke mai daro da burushi. Ke kika mayar wa uwata da sunanta, kika mayar mini da uba.

Ba ta sha da daɗi ba. Cikin makon aka wayi gari an sare itatuwan zaitun da ta gada daga mahaifinta, kowanne daga gindi. Masu zolayarta a shagon gahawa suka daina, ta wuce su sunkuyar da kai, kuma ta ce wannan shirun ya fi zolayar nauyi. Mai gidan burodi ya riƙa ajiye mata nata a gefen teburin shago don kada hannunsu ya haɗu a gaban mutane. Farfesa ta dawo ta tsaya mata, ta ce ta zo birni za a samar mata aiki a can. Ta ƙi. "In tafi in bar su da wa?" Ba a hukunta kowa ba. Mutumin da kowa ke zargi ya riga ya mutu a kan gadonsa, an yi masa jana'iza da makaɗa.

Da hukuma ta gama bincike ta dawo mana da ƙasusuwan, mahaifiyata ta ce babu wanda zai shirya shi sai Liboria. Na zauna a sito ina kallo. Ta ɗumama ruwa ta taɓa da gwiwar hannu kamar za a yi wa jariri wanka. Tana wankewa tana masa hira. "Gaspare, ga Vita nan. Ta yi aure, mijin ba laifi. Lemonka ya bushe, amma ɗan'uwanka ya dasa wani. An gyara rabon ruwan, da kana nan da ka ga." Ta wanke yatsun hannun ɗaya bayan ɗaya ta jera su a kan farin ƙyalle. Ta ce in zo in taɓa. Na taɓa. A kewaye da mu kwalaye suna ɗan ƙara a cikin zafi, nan da can, kamar mutane suna gyara zama. Ban ji tsoro ba.

Ranar jana'iza mahaifiyata ta sa baƙaƙen kaya a karon farko. Da muka fito daga coci ba mu fi cikin mota ɗaya ba. Onofrio ya kama gefen akwatin. Kafin mu kai maƙabarta na waiwaya, na ga ƙofofi suna buɗewa, mutane suna fitowa ɗaya-ɗaya suna bin bayanmu, ba mai kallon ɗan'uwansa.

Na ɗauka labarin ya ƙare a nan, sai bara. Akwai wani tsoho, Zu Minico, wato Kawu Minico, wanda a ƙuruciyarsa shi ke tsaron gonakin manya da bindiga a kafaɗa. Ya tsufa tukuf, ba ya fita. Wata rana tsaka Liboria tana cin burodinta, sai hasken ƙofa ya ragu. Ta ɗaga kai ta gan shi dogare da sanda. Shi kaɗai ya sauko tun daga gari a cikin wannan zafi.

Ya leƙa kantocin ya ce, "An ce da ke suke magana."

"Ba sa magana, Zu Minico. Ni nake musu."

"Ni suna yi mini."

Ta jawo masa kujera. Ya ƙi shigowa, ya zauna a dokin ƙofa, bayansa ga kwalayen.

"Ba naki ba," ya ce. "Naki sun samu mai wanka, me zai dame su? Akwai wasu biyu. Kullum war haka suke zuwa su tsaya a ƙarshen gadona. Ba sa zagi. Tambaya kawai suke, sai yaushe."

"Ka je wurin fada, limamin coci, ka faɗa masa."

"Fada zai yafe mini, amma ba zai haƙa ba."

Ya faɗa mata wuri ɗaya, gindin ɓauren da ke bayan tsohuwar rijiya. Na biyun ya ce sai gobe, numfashinsa ya ƙare. Ta raka shi gida, daga nan ta wuce wurin 'yan sanda kamar wancan karon. Aka haƙa gindin ɓauren aka samu wani makiyayi da aka ce ya tafi Amurka tun kafin a haife ni. Ƙanwarsa, tsohuwa mai sanda, ita ta karɓe shi, Liboria ta wanke shi da yatsun nan nata da suka lanƙwashe.

Goben Zu Minico ba ta zo ba. Da safe 'yarsa ta tarar da shi rabin jiki ya mutu, baki ya karkace. Yana raye har yanzu. Ba ya magana, hannu ba ya riƙe komai, idanu kawai ke aiki. 'Yar ta ce da rana ta take sai idanun su koma ƙarshen gado su tsaya a wuri ɗaya. Liboria takan je ta zauna kusa da shi. Tana kiran sunayen wurare a hankali, rijiyoyi, kwazazzabai, tsofaffin ramukan gawayi, tana duba ko zai ƙifta. Na ce mata, "Zia, mutumin nan wataƙila da hannunsa ya ɗaure mahaifina." Ta ce, "Wataƙila. Amma wanda ke jira a ƙasa bai yi miki komai ba."

Wannan ita ce matar da za ta miƙa makullin sito a ƙarshen wata. Hukumar gari za ta ba ta furanni, shugaban gari zai yi jawabi a kan tsohon birni da manyan mazan da suka yi yaƙi a kansa. Ni ga nawa jawabin. Na gode, Zia Liboria, a madadina da mahaifiyata da ta rasu tana mai takaba kamar kowace mace mai mutunci. Na gode a madadin ƙanwar makiyayi. Na gode a madadin samarin da babu wanda ya rage a duniya da zai gode miki dominsu, Bagirke da Bakartaje, da ba ki taɓa tambayar ɓangaren da suka yi wa yaƙi ba kafin ki ɗumama musu ruwa. Uwar marasa suna, Allah Ya ba hannuwanki sauƙi.

Ga 'yan matanmu da samarinmu, sito yana neman wanda zai karɓa. Aikin ba ya sa suna, kuma za a zolaye ku a dandali. Ku je duk da haka, ku zauna kusa da ita ku koya tun tana iya nunawa.

Ku kuma dattawan Calamura, ina magana da ku kai tsaye. Kashe mutum a binne shi a ɓoye ba mutum ɗaya yake yin sa ba. Wani ya riƙe fitila, wani ya tuƙa mota, wani ya ara cebur aka dawo masa da shi da ƙasa a jiki. Zu Minico ya jira kwana ɗaya, ya makara. Wanda ya san wani wuri ya faɗa tun yau. A unguwar sama akwai wata tsohuwa da ta haura tasa'in, wadda aka gaya mata cewa ɗanta ya shiga jirgin ruwa ya tafi. Duk watan Disamba tana saƙa masa rigar sanyi, don an ce mata ƙasar da ya tafi akwai ƙanƙara. Bana ta fara saƙar da wuri.